Yadda na gano warin ƙonewar roba a motata

Ranar Asabar ina cikin gosulo a titin Ikorodu, za ni Agege, sai warin ƙonewar roba ya cika motar. Da farko na ɗauka danfon da ke gabana ne, wato bas ɗin hayar Legas. Ya wuce, warin bai wuce ba.

Na faka, na duba ko birkin hannu na mance ban sauke ba. Lafiya lau. Na kara hannu kusa da kowace taya, babu wadda ta ɗau zafi. Na leƙa salansa, don leda kan manne masa ta narke, musamman bayan ruwan Legas. Babu komai.

Sai da na kashe injin na buɗe bonet na ga abin: fambel, wato bel ɗin robar da injin ke juyawa, ya yi sulɓi yana ƙyalli, ga baƙin gari kamar toka a gefensa. Makanikina ya cire shi, ya juya ƙaramar tayar da ke ɗame shi, ta ƙi motsi. Ya ce, "Alhaji, boris ne ya cije, fambel yana gogar ƙarfe." Boris shi ne 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin tayar, masu sa ta juyawa.

Muka sayo duka biyun a kasuwar Ladipo. Da sabon fambel kawai na sa, da shi ma ya ƙone.