Darasi na 7: Dashen Haƙori da Matsalolin da Kan Biyo Bayansa

Dashen haƙori ba irin haƙorin Makka ba ne da alhazanmu ke dawowa da shi, wanda galibi lulluɓi ne kawai ake yi wa haƙorin da yake nan. Kuma ba haƙorin roba ba ne da ake cirewa da dare a sa a kofi. Shi wannan tiyata ce sosai: likita zai tsaga dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi ya ɗaura wani ɗan sukuru na ƙarfen da ake kira titaniyam, sai a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ƙarfen gam kafin a ɗora haƙorin a kai. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi wa mutum a 1965, kuma gaskiya yawancin waɗanda aka yi wa suna samun dacewa. Amma fa akwai inda ake samun cikas.

Babbar matsalar ita ce ƙashi ya ƙi kama ƙarfen, sai ka ji haƙorin na girgiɗi, ƙarshe a cire, kuɗi sun tafi ga wahala. Mutum biyu abin ya fi samu, mai ciwon suga da sugansa bai daidaita ba, da mai shan sigari ko shisha, domin su rauninsu ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta sun fi saurin samun wurin zama. A nan nake roƙonku iyayena da yayyena, don Allah kar kunya ta sa a ɓoye wa likita komai. Alhaji in kana busa taba faɗa masa, ba hukunci zai yanke maka ba. Hajiya in kina shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko wafarin, ko maganin ƙarfafa ƙashi, ki faɗa tun kafin a taɓa bakin, na farko kan sa jini ya ƙi tsayawa, na biyun kuma kan hana ƙashin muƙamuƙi warkewa.

Sai maganar jijiya. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji zuwa leɓe da haɓa, in sukurun ya taɓa ta sai wurin ya mutu kamar allurar kashe zafi ba ta sake ba, mutum na shan koko yana zuba a riga bai sani ba, wani ya warware bayan makonni wani kuma ya zauna da abin. A sama kuma ƙarfen kan iya ɓullawa cikin kogon da ke gefen hanci. Shi ya sa duk wanda ya ce zai dasa maka ba tare da ɗaukar hoton ƙashi ba, tashi ka ba shi wuri, komai arhar da ya yi maka. Mu a Zariya ga sashen haƙori na asibitin koyarwa na ABU, a fara neman shawara can.

Bayan an gama ma da sauran aiki. Ƙarfe ba ya ruɓewa amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa da cuta, kuma sau da yawa ba zafi da farko, shi ne abin tsoron. Burushi safe da dare, a bar buɗe kwalbar lemo da haƙori, a bar fasa ƙashin miya da gwaguyar goriba ta gefen.

In ka ga jini kullum wajen wanke baki, ko mugunya da wari, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana 3, ko zazzaɓi, ko leɓe bai farfaɗo ba har washegari, koma wurin likitan da ya yi aikin, kar a tsaya kemis sayen kafso.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen magungunan da yake sha kullum a takarda, a kwafo daga jikin kwalin, a zo da ita aji mu karanta tare.