Kurakuran da masu koyo ke yi a kan littattafan Kumran

Shekara shida ke nan ina duba rubutun ɗalibai a kan naɗaɗɗun littattafan da aka samo a kogunan Kumran, wani wuri a gefen Tekun Gishiri, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ke dawowa. Na gaji da jan layi da jan biro.

Babbansu shi ne cewa wai an samu Linjila a Kumran. Ba a samu ba. Daga 1947, da makiyayan Larabawa suka faɗa kan kogon farko, zuwa 1956 da aka gano na 11, an kwaso gutsattsarin littattafai sama da 900. Dukansu na Yahudawa ne, yawanci da Ibrananci, wasu da Aramiyanci, kaɗan da Girkanci. Babu sunan Yesu a ciki, babu Bulus, babu Yahaya Mai Baftisma. Akasarinsu an kwafe su tun kafin haihuwar Almasihu, kuma sojojin Rum suka rushe wurin a shekara ta 68 bayan haihuwarsa.

Wannan kuskuren ya ci mini zangon karatu guda, shi ya sa nake ɗaga murya a kansa. A kundin digirina na gina babi sukutum a kan wani guntu mai lamba 7Q5, wanda wani masani, José O'Callaghan, ya ce a 1972 yanki ne na Linjilar Markus 6:52-53. Ban taɓa ganin hotonsa ba, abin da wasu suka rubuta kawai na kwashe. Ranar kare kundin, malamin da ke jarraba ni ya turo mini hoton a kan tebur. Guntun bai kai kwalin ashana ba. Haruffa wajen 20, da yawa sun goge, cikakkiyar kalma ɗaya tak, ita ce "da" ta Girkanci. Ya ce, "Malam, nuna mini Markus a nan." Na yi shiru. Daga baya na gane cewa kafin guntun ya dace da Markus sai an zubar da kalmomi uku, an kuma canza harafi ɗaya. Tun ranar ba na kafa hujja da guntun da ban sa wa ido ba. Hukumar kayan tarihi ta Isra'ila ta sa hotunan a intanet tun 2012, kyauta. Wace hujja gare ku ta rashin dubawa?

Sai masu cakuɗa Kumran da Nag Hammadi, kuma wannan kam sakaci ne zalla. Nag Hammadi a Masar take, a 1945 aka tono littattafanta, da harshen Kibɗawa aka rubuta su wajen ƙarni na 4 bayan Almasihu, kuma a can Linjilar Toma take. Ina hanya ta haɗa su? Ni dai a saman kowace takarda nakan rubuta abu uku kafin in fara: wuri, harshe, ƙarni. Ku ma ku gwada.

Wasu kuma su ɗauki ayar da Matiyu ya jawo daga Ishaya 7:14, su gwada ta da Ibrananci, su ce an yi sauyi da gangan, an saka kalmar "budurwa". Marubutan Sabon Alkawari sun fi jawo ayoyi daga fassarar Girkanci da Yahudawan Iskandariyya suka fara tun ƙarni na 3 kafin Almasihu, kuma kalmar "budurwa" tana cikinta tun kafin a yi Kirista ko ɗaya. Kumran ta taimaka a nan: littafin Irmiya na Girkanci ya fi na Ibrananci gajarta, sai ga guntun Ibrananci a kogo na 4 ya bi gajeren. Ashe masu fassarar wani kwafi daban ne a gabansu.

Dangantaka tsakanin Kumran da Sabon Alkawari akwai ta, amma ta mutanen da suka sha ruwan rijiya ɗaya ce. Takardar 4Q521 ta jera warkar da makafi, ta da matattu, da kai wa matalauta albishir, kusan yadda Luka 7:22 ya jera. Jama'ar Yahudawan da ta zauna a Kumran sun ɗora Ishaya 40:3 a kan kansu, ayar da Linjila ta ɗora wa Yahaya Mai Baftisma. Wasiƙar Yahuza ta jawo magana daga littafin Anuhu, wanda aka samu gutsattsarinsa na Aramiyanci a Kumran, cikakkensa kuwa cocin Habasha ne ya adana.

Kada a ce an samu kowane littafi na Tsohon Alkawari a Kumran, domin littafin Esta ba ya ciki. "Malamin Adalci", jagoran jama'ar da takardun ke ambata, ba Yesu ba ne, domin ya riga shi da fiye da shekara 100. In kuma kun ga guntun da ya fito daga hannun dillalai bayan 2002, ku ja baya: guda 16 da wani gidan tarihi a Washington ya mallaka, bincike ya nuna a 2020 cewa duka jabu ne.