Yadda za ka fara bincike kan nakasa da jinsi a zane da adabi

Kar ka ce za ka ɗauko fagen gaba ɗaya, zai fi ƙarfinka tun kafin babi na biyu, zaɓi mutum ɗaya ko aiki ɗaya kawai. Ɗauki Frida Kahlo misali, mai zanen nan 'yar Meziko. Shan inna ya kama ta tana yarinya, a 1925 kuma ta yi hatsarin bas da ya karya mata ƙashin baya da ƙugu, sannan ta yi soyayya da maza da mata, to ka ga nakasa da jinsi da batun masu neman jinsi duk sun haɗu a jiki ɗaya, ba sai ka ƙaƙaba su ba.

Sai ka ajiye zanenta biyu a gabanka. Na 1944, inda ta zana kanta ƙirji a tsage, karyayyen ginshiƙi a gurbin ƙashin baya, ƙusoshi ko'ina a jiki, da na 1940 bayan mutuwar aurenta da Diego Rivera, ta datse gashi tana zaune cikin kwat ta maza. Nan ne ɗalibai ke zamewa su koma "Allah sarki ta sha wahala", wannan ai tausayi ne, ba ya cika babi. Tambayi zanen: waye ya yanke wane jiki ne cikakke, me ya sa in mace ta nakasa ake cire ta daga lissafin aure da sha'awa, kuma ita yaya take kallon mai kallonta.

Wajen ra'i, nemi Robert McRuer, a littafinsa na 2006, Crip Theory, ya nuna yadda tilasta wa kowa zama mai lafiyayyen jiki da tilasta tsarin namiji da mace suke riƙe juna. Alison Kafer ta ɗora a kan wannan ra'in a littafinta na 2013. In adabi kake yi kuwa Ato Quayson ɗan Gana zai fi maka amfani, a 2007 ya bi nakasa a rubutun Wole Soyinka da Toni Morrison. Mujallar Disability Studies Quarterly ma kyauta ce a intanet, data kawai za ka sa.

In a jami'ar Najeriya kake, zauna da malamin da zai duba aikin tun kafin ka rubuta taken, akwai dokar 2014 da ta haramta auren jinsi, wasu sassan jami'a ko sauraron batun ba za su yi ba, gara ka sani da wuri.