Yadda Ake Sassaƙa Fitilar Samhain Irin Ta Mutanen Ireland

Fitilar kabewa mai fuskar ban tsoro da ake gani a Amurka ranar 31 ga Oktoba ba da kabewa aka fara ta ba. Asalinta na komawa ga ƙauyukan Ireland da Scotland, inda daren yake daidai da Samhain, bikin da al'ummar Celt, tsoffin mazauna waɗannan ƙasashe, ke yi idan an gama girbi kuma hunturu ya kawo jiki. A lokacin ne ake sauko da shanu daga wuraren kiwo, a yanka na yankawa, a hura manyan wutar dare. Mutane sun yi imani cewa a wannan dare shingen da ke tsakanin duniyar masu rai da ta ruhohi yakan yi rauni.

Wanda yake son ya yi fitilar yadda aka gada, sai ya nemi tanip, wata saiwar lambu mai tauri wadda girmanta ya kai ƙaramar ƙwarya. Da farko a yanke samanta a ajiye, domin shi ne zai zama murfi. Daga nan a shiga ƙwaƙule cikin da wuƙa da cokalin ƙarfe, kuma a nan wahalar take, domin naman tanip yana da tauri ƙwarai, har hannu ya yi tsami kafin ramin ya isa. A bar kaurin bangon kamar faɗin ɗan yatsa. Abin da aka ƙwaƙulo ba a zubarwa, dafa shi ake yi.

Sai fuska. A huda idanu ƙanana, a tsaga baki mai faɗi tare da barin haƙora a ciki, sannan a yi ƙaramin rami a murfin don hayaƙi ya fita. A kunna guntun kyandir a ciki, a ɗora a taga ko bakin ƙofa. Bayan kwana biyu ko uku fatar takan yamutse, bakin ya karkace, fuskar ta koma tamkar ta gawa. Akwai kwafin irin wannan fitila daga yankin Donegal a gidan tarihin ƙasar Ireland da ke kusa da garin Castlebar.

A ganina aikin bai cika ba idan ba a san tatsuniyar da ke tare da shi ba. An ce wani marowaci mai suna Jack ya yaudari Shaiɗan ya hau bishiya, sai Jack ya zana gicciye a jikinta, ya hana shi sauka sai da ya yi alkawarin ba zai ɗauki ransa ba. Da Jack ya mutu, aljanna ta ƙi shi, wuta ma ta ƙi shi, sai Shaiɗan ya jefa masa garwashi guda, Jack ya sa shi a cikin tanip, yana yawo da shi cikin duhu har abada.

Bikin Samhain ya daɗe ƙwarai, amma labaran fitilar sun fi fitowa a rubuce ne a ƙarni na 19. Yunwar da ta afka wa Ireland daga 1845 ta kori ɗimbin jama'a zuwa Amurka, inda suka tarar da kabewa, wadda ta fi girma kuma ta fi sauƙin sassaƙa, suka koma kanta.