Babi na Shida: Naɗe Awa Guda Ta Koma Sakan 24

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A babin da ya gabata mun koyi kunna ƙaramar kamarar nan da ake ɗaurawa a hular kwano ko a ƙirji, irin su GoPro da DJI Osmo Action, mun kuma koyi sa mata memori. Yau za mu yi irin bidiyon da kuke gani a waya, inda hadari ke taruwa kamar ana koro shi, rana ta faɗi kafin ƙiftawa da bismillah, motoci kuma suna gilmawa kamar tururuwa. Mu a ajinmu muna ce masa bidiyon naɗe lokaci, domin ana naɗe dogon lokaci ne kamar yadda ake naɗe tabarma.

Babu wani siddabaru a ciki. Kamara takan ɗauki hoto ɗaya, ta dakata, ta ɗauki wani, ta dakata. Daga baya sai ta jera su ta nuna da sauri, hoto 30 a cikin sakan ɗaya. Shi ke nan. Wanda ya iya shuka wake ya jira ya tsiro, zai iya wannan aiki.

Darasi na 1: Kafin ka bar gida

Ka sa batir a caji tun da dare, kada ka bari sai da safe, ka san halin wutarmu. Batirin waɗannan kamarori ƙarami ne, don haka in kana da fawa bank ka tafi da shi tare da igiyarsa.

Buɗe murfin gefe ka duba da idonka ko memori na ciki. Kada ka ce ai jiya yana ciki. Duba. In ya cika, kwashe abin da ke ciki zuwa waya ko kwamfuta tukuna.

Sai idon kamara, wato gilashin nan zagayayye da ke gaba. In lokacin hunturu ne, ƙura takan kwanta a kansa. Fara hure ta da baki, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Kada ka goge da bakin riga alhali ƙurar na nan, za ta karce gilashin, kuma karcewar ba ta fita.

Darasi na 2: Nemo kalmar a fuskar kamara

Rubutun da ke fuskar kamara da Turanci yake, amma kada wannan ya karya maka gwiwa. Kalmomi biyu kacal za ka haddace. Ta farko ita ce Time Lapse. Tana farawa da babban harafin T, mai kama da sanda da aka gicciya mata itace a ka. Rubuta ta sau biyar a littafinka yanzu, kafin ka ci gaba.

Kunna kamara. Ja yatsa a hankali a kan fuskarta, ko ka danna madannin gefe, har kalmar ta bayyana. In ka wuce ta, ba laifi, ci gaba da dannawa, za ta sake zagayowa. Wasu kamarorin za su ba ka zaɓi biyu, bidiyo ko hotuna. Zaɓi bidiyo. In ka zaɓi hotuna, za ka koma gida da ɗaruruwan hotuna a warwatse, kuma haɗa su aiki ne da ba mu kai gare shi ba.

Kalma ta biyu ita ce Interval. Ma'anarta tazara, wato sakan nawa kamara za ta dakata tsakanin hoto da hoto. Za ka ga lambobi kamar 1, 2, 5, 10, 30 da 60. Abin da ke sauri, ba shi ƙaramar lamba. Abin da ke tafiyar hawainiya, ba shi babba. Ga motoci da Keke Napep a titin Ahmadu Bello Way na nan Kaduna, ko masu shiga da fita a Kasuwar Barci, sa 1 ko 2. Ga hadarin damina ko faɗuwar rana, sa 5. Ga magina da za su wuni suna ɗora bulo, sa 30 ko 60.

Mu yi lissafin tare, a hankali. In ka sa 5, kamara za ta ɗauki hoto 12 a minti ɗaya. A awa ɗaya hoto 720 ke nan. Raba 720 gida 30, ka sami 24. Wato zaman awa guda cur zai ba ka bidiyon sakan 24. In kuwa ka tashi bayan minti biyar, hoto 60 ka samu, sakan biyu ke nan. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo gare shi.

Darasi na 3: Kafa kamara, ka ɗauke hannunka

A nan ne mafi yawanku ke faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Dole kamara ta zauna daram, ba motsi. In kana da sandar ɗora kamara mai ƙafa uku, buɗe ƙafafun sosai, ka ɗaure kowace ƙusa tamau. In ba ka da ita, ba komai. Cika ƙaramar jaka da yashi, ka ɗora ta a kan katanga, ka nutsa gindin kamarar a ciki. Ni kaina da jakar yashi na fara, kuma ta fi sanda mai arha riƙe kamara in iska ta taso.

Duba fuskar kamara. Shin ƙasa ta miƙe, ko ta karkace? Gyara yanzu. Shin reshen bishiya ya shigo gaba? Gyara yanzu. Duk gyaran da za ka yi, yi shi yanzu, domin da zarar ka danna, ƙofar gyara ta rufe.

Danna madannin sama sau ɗaya. Sau ɗaya, ba biyu ba. In ka danna sau biyu, ka kunna ka kuma kashe. Ka ga 'yar jar wuta tana ƙyaftawa? To, ta fara aiki.

Yanzu ɗauke hannunka. Ja da baya taku uku. Kada ka taɓa kamarar.

Bari in sake faɗa, domin na san za a karanta a wuce. Kada ka taɓa kamarar. Kada ka ɗaga ta don ka ga ko tana yi. Tana yi. Jar wutar nan ita ce shaidarka, kuma daga nesa ma ana ganinta. Kada ka ɗan juya ta don ka hango abin da ya fi kyau a gefe. Kada ka goge mata ido a tsakiyar aiki. Ko ƙuda ya sauka a kanta, bar shi, zai tashi.

Me ya sa nake nanatawa? Akwai wani dattijo a ajinmu, mai gyaran babur ne a Tudun Wada, mutum mai natsuwa. Muka je bakin Kogin Kaduna da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ya kafa kamararsa da kyau fiye da kowa. Bayan minti ashirin sai na hango shi ya sunkuya, ya sa yatsa biyu ya ɗan daidaita ta. Na ce, "Baba, me ya faru?" Ya ce, "Malam, ɗan kaɗan na gyara, ko ƙwayar gero bai kai ba." Da muka kalli bidiyon, hadari na tafiya lafiya lau, kwatsam sai kogin da bishiyoyin suka yi tsalle gefe guda kamar an fizge su. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ƙwayar gero ma tana da nauyi." Mako na gaba ya dawo, ya danna, ya sa hannuwansa biyu a aljihu har aka gama. Bidiyonsa ne muke nuna wa sababbin ɗalibai har yau. In Baba ya iya, kai ma za ka iya.

Saboda haka ga shawara: ka tafi da abin da zai riƙe maka hannu. Carbi, ko gyaɗa, ko littafin nan. Zauna inda kana ganin kamarar amma hannunka ba ya kai wa gare ta. Yara za su taru, dole ne. Yi musu magana da daɗi, ka ja layi a ƙasa ka ce kada a tsallake.

Kuma ba hannu kaɗai ke taɓa kamara ba. In ka kafa ta a kan gada, duk tirelar da ta wuce sai gadar ta girgiza, kamarar ma ta girgiza. Sauka ƙasa mai ƙarfi. In ka ɗora ta a kan benci, kada kowa ya zauna a bencin. In za ka haɗa fawa bank, haɗa shi kafin ka danna, ba a tsakiya ba, domin cusa igiyar ma taɓawa ce.

Gaskiya, jama'a, abin yana ba ni takaici. A aji na baya sau huɗu na faɗi wannan magana, na rubuta a allo, muka maimaita da baki ɗaya, amma aka dawo mini da bidiyo mai rawa kamar an ɗauka a bayan ɗan acaba. Wasu kuma suka tashi bayan minti biyar, suka zo suna cewa kamara ta lalace, bidiyo sakan biyu ya fito. Kamara lafiyarta lau. Kai ne ba ka zauna ba. Koma darasi na 2 ka sake lissafin. Ku manya ne, kuna jiran layin mai, kuna jiran jirgin ƙasa a tashar Rigasa, rabin awa ba zai gagare ku ba. Zauna, kuma kada ka taɓa.

In lokaci ya cika, danna madannin sama sau ɗaya. Jar wuta ta daina ƙyaftawa? Yanzu kana iya ɗauka.

Darasi na 4: Inda ba a kafa kamara

Kaduna gari ne na sojoji. Kada ka saita kamara wajen bariki, ko shingen jami'an tsaro, ko ƙofar banki. A kasuwa, gaida mai shago ka nemi izini kafin ka kafa a gabansa. Kada ka saita ta cikin gidan mutane. In rana ta take, nemi inuwa, domin kamarar takan yi zafi ta kashe kanta.

Darasi na 5: Gyara a waya

Tura bidiyon zuwa waya ta manhajar kamararka, kamar Quik ga masu GoPro. Buɗe shi a can ko a CapCut. Kalli farko da ƙarshe, za ka ga yatsanka ko girgizar dannawa. Daidaita wurin da farin layin da ke tsaye a kan bidiyon, danna alamar yankewa, ka goge guntun. Irin wannan bidiyo ba ya zuwa da sauti, kada ka ce wayarka ce. In kana so, ɗora masa muryarka kana faɗin wurin da ranar.

Darasi na 6: Adanawa

Danna alamar kibiya da ke sama, ka jira ta cika kafin ka fita. Kada ka goge na memori sai ka tabbata na waya yana buɗewa.

Aikin gida: faɗuwar rana, tazara 5, rabin awa. A zo da shi ranar Asabar.