Daga fili zuwa benci: yadda tsohon ɗan ƙwallon kwando zai zama koci

Duk ɗan wasan da gwiwa ta fara yi wa gargaɗi, ya zo yana tambayata yadda zai koma horarwa, abu ɗaya nake fara gaya masa: iyawarka a jikinka take, kuma jikinka ba zai shiga fili tare da yaran ba. Ka yi shekaru hannunka na sanin lokacin sakin ƙwallo, ƙafarka na sanin inda za ta taka tun kafin ka yi tunani. Yanzu sai ka fito da wannan sani daga jiki, ka mayar da shi magana da atisaye, yadda yaron da bai kai rabin baiwarka ba zai fahimta.

Suna kaɗai ba ya yin wannan aikin. Magic Johnson, wanda duniya ta shaida gwanintarsa, ya karɓi horar da Los Angeles Lakers a 1994. Wasa 16 ya jagoranta, ya ci 5, aka doke shi a 11, ya ajiye. Abokin hamayyarsa Larry Bird ya karɓi Indiana Pacers a 1997, amma shi ya san iyakarsa. Ya damƙa wa Dick Harter tsaron gida, ya bar wa Rick Carlisle tsara kai hari, shi kuma ya riƙe 'yan wasa da yanke hukunci. A 1998 aka zaɓe shi gwarzon koci na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2000 ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe.

Fara shiri tun kana sanye da riga. Nemi littafi, bayan kowane atisaye ka rubuta abin da koci ya sa ku yi, minti nawa ya ɗauka, da dalilin da kake gani ya sa shi. In ba ka gane dalilin ba, ka tambaye shi. Ka kuma daina kallon wasa daga gurbinka kaɗai. In kai dogo ne da ya saba tsayawa ƙarƙashin kwando, koyi abin da mai raba ƙwallo ke gani lokacin da mutum biyu suka rufe shi a tsakiyar fili. Gurbi biyar ne, kuma duka biyar za su dawo wuyanka. Ranar da aka ajiye ka a benci, kada ka tafi can ƙarshe kana cika kana batsewa. Zauna kusa da mataimakin koci ka saurari abin da suke faɗa wa juna.

Batun takarda ba shi da tsawo. FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, na da kwasa-kwasan horarwa mataki-mataki, ka nemi hukumar ƙwallon kwando ta ƙasarka ka yi su. Ka sake karanta littafin dokoki daga farko, domin 'yan wasa da yawa da ka da ka suka san doka.

Daga nan sai zaman mataimaki, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Phil Jackson, bayan ya bar buga wa New York Knicks da New Jersey Nets, ya horar da Albany Patroons a ƙaramar gasa, ya zama mataimaki a Chicago Bulls a 1987, sai a 1989 aka ba shi ragama. Kofi 11 ya ɗauka a matsayin koci. Erik Spoelstra ya buga wasa a Jamus, ya shiga Miami Heat a 1995 yana aikin yanka bidiyo, bai zama babban koci ba sai 2008. Ime Udoka, wanda ya buga wa Najeriya, ya zauna ƙarƙashin Gregg Popovich a San Antonio Spurs daga 2012 zuwa 2019, kuma da Boston Celtics ta ba shi aiki a 2021, a kakarsa ta farko ya kai wasan ƙarshe. Rena Wakama ma ta yi zaman mataimakiya a wata kwaleji a Amurka kafin ta ɗauki kofin Afirka da D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, a Kigali a 2023, ta kuma kai su zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

In ka samu kujerar mataimaki, roƙi aikin bidiyo da bakinka. Ɗauki wasa uku na ƙungiyar da za ku kara da ita. Kallon farko, bi ƙwallo kamar kowa. Kallo na biyu, ɗauke idonka daga ƙwallon gaba ɗaya, ka dubi mutum huɗun da ba sa riƙe da ita. Nan za ka ga cewa dogonsu kullum ta hagu yake juyawa, ko mai jifan maki ukunsu ba ya son a tilasta masa buga ƙwallo a ƙasa kafin ya jefa. Ware gajerun hotuna kaɗan, kowanne na 'yan daƙiƙu. Ɗan wasan da ya gaji ba zai riƙe abu goma ba, uku ma ka gode Allah.

Wajen koyarwa kuwa, akwai kalmar da nake so ka cire daga bakinka: "yi kawai". Misali yaro na jefa ƙwallo tana karkata dama. Tsohon gwani sai ya karɓa, ya jefa ta shige, ya ce ka gani? Yaron bai ga komai ba. Tsayar da shi taku ɗaya daga kwando. Dubi ƙafafunsa tukun, ko suna fuskantar inda yake nufi. Dubi gwiwar hannunsa, ko tana ƙarƙashin ƙwallon ko ta buɗe gefe. Dubi babban yatsan ɗaya hannun, wanda aikinsa tallafi ne kawai, domin sau da yawa shi ke tura ƙwallon a ɓoye. Gyara abu ɗaya rak, ya yi ta maimaitawa daga kusa, sai ya zauna masa sannan ya ja da baya. Kuma kada ka shiga atisaye ba tare da takarda a aljihu ba, wadda ka raba lokacin minti-minti. Layin yara goma suna jiran ƙwallo ɗaya ɓata lokaci ne.

Ranar wasa, a dokar FIBA kana da damar tsayar da wasa sau 2 kafin hutun rabin lokaci, sau 3 bayansa, kowanne minti ɗaya. Minti ɗaya ba ya ɗaukar huɗuba. Bar su su zauna su sha ruwa, kai ka tsaya gefe da mataimakinka ku daidaita magana, sannan ka durƙusa gabansu da allonka: abu ɗaya na tsaro, tsari ɗaya na hari, ka kira sunan kowa da inda zai tsaya. Faɗa da alƙalin wasa kuwa, yaranka na kallo, kuma abin da suka ga kana yi shi za su yi.

Mafi nauyi a wurina shi ne rabon lokaci. Wasan FIBA minti 40 ne, mutum biyar a fili, wato minti 200 za ka raba wa 'yan wasa 12, kowannensu kuma yana ganin ya cancanci 30. Wani lokaci cikin waɗanda za ka rage wa har da wanda kuka yi shekaru kuna kwana ɗaki ɗaya a tafiye-tafiye. Bill Russell ya ɗanɗana wannan tun 1966, lokacin da Boston Celtics ta naɗa shi koci alhali yana cikin 'yan wasan, ya kuma ci kofi da su a 1968 da 1969. Kada ka bari tsohon abokinka ya ga sunansa a benci a kan allo tare da kowa. Kira shi kwana ɗaya kafin wasan, ku biyu kawai, ka gaya masa minti nawa kake sa ran ba shi, ka nuna masa a bidiyo wuraren da aka wuce shi a tsaro, sannan ka faɗa masa abin da in ya gyara zai koma cikin biyar ɗin farko.