Shawara ga masu ajin tarihi da al'adun Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin jarrabawar Leben in Deutschland (wato "Rayuwa a Jamus", jarrabawar da ake yi a ƙarshen wannan aji), don Allah kada ku tsaya haddar amsoshi kawai. Tambayoyi 33 ne cikin minti 60, kuma mai neman takardar zama ɗan ƙasa sai ya ci 17. Duk tambayoyin suna shafin hukumar BAMF (hukumar kula da baƙi da 'yan gudun hijira ta Jamus) kyauta, har da na jihar da kake zaune.

Abin da na ga ya fi amfani shi ne ka ja dogon layi a takarda, ka jera shekaru. 1933 Hitler ya hau mulki, 1945 Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, 1949 ƙasar ta rabu biyu, 1961 aka gina katangar Berlin. Duk abin da malami ya faɗa, ka nemo masa gurbi a layin.

Ku kula sosai da 9 ga Nuwamba. Ranar ce katangar ta faɗi a 1989, amma kuma ranar ce aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a 1938, shi ya sa ba a mai da ita ranar biki ba. Ranar haɗewar Jamus 3 ga Oktoba ce, 1990. Nan mutane da yawa ke ruɗewa.